Daga Rikkos Zuwa Gidan Tarihi: Yadda Muka Yi Wasan Ɗakin Kulle A Jos

Birnin Jos, hedkwatar Jihar Filato, yana zaune ne bisa tudu wanda ya ɗara bakin teku da kimanin ƙafa 4,000, watau mita 1,200 da 'yan kai, shi ya sa sanyinsa ya zama abin kwatance ko'ina a ƙasar nan. Matafiyin da ya taso daga Bauchi ko daga Zariya ba ya bukatar a gaya masa ya iso, domin iska ce take fara yi masa maraba tun kafin ya hangi rufin kwano na farko. Galibin baƙi sukan tsaya a tsakiyar gari, su zaga Taminus da Titin Ahmadu Bello, su yi tsarabar dankalin Turawa da kabeji da karas a Farin Gada, sa'an nan su juya. Kaɗan ne daga cikinsu suke kutsawa cikin unguwannin da mutanen gari suke kwana suke tashi, irin su Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Nasarawa da Rikkos.

Ita Rikkos tana wajen gabas ne da tsakiyar gari, ta fuskar da duwatsun Shere suke, waɗanda ƙololuwarsu ta kai ƙafa 6,000. Unguwa ce ta fatake da direbobi da magina da malaman makaranta, ga kuma kasuwar 'Yan Shanu inda ake hada-hadar dabbobi. Da asubahin hunturu, sa'ad da ma'aunin zafi yakan sauko kusa da digiri 10, za ka tarar da jama'a sun duƙunƙune cikin bargo da hular sanyi sun kewaye teburin mai shayi, hayaƙin tandar masa yana tashi daga kowane lungu.

Kuza ce ta tara jama'ar wannan gari. Birom da Anaguta da Afizere sun daɗe a bisa tudun, maƙeran Hausawa na Liruwe kuma suna narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa. Amma daga shekarar 1904, da kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta, sai leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Barno, da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, har aka tsara Jos a matsayin gari a 1915. Harshen Hausa ya zama na kasuwa da na bakin ramin kuza, mutum yana iya zama maƙwabcin wanda ba addininsu ɗaya ba har su tsufa tare.

Wannan zama ne ya sami tangarɗa a rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu sai mutane su kwashe kayansu su koma inda 'yan'uwansu a addini suka fi yawa, har gari ya rarrabu, kowace unguwa ta san nata. Rikkos ta cika ta batse, gidaje suka gangara har bakin rafi. A daren 22 ga Yuli 2012, cikin kwanakin farko na azumi, ruwan sama mai yawa ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare, fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa ɗan wasan da zan ba da labarinsa ya wuce wasa a wurinmu, to, sai ya riƙe wannan tarihi a zuciyarsa.

Mene Ne Ɗakin Kulle?

A manyan biranen duniya akwai wani wasa da ya yaɗu ƙwarai a wannan zamani, wanda za mu iya kira wasan ɗakin kulle. Yadda ake yinsa shi ne, abokai kamar huɗu ko shida su biya kuɗi a shigar da su wani ɗaki a rufe ƙofa, a ba su sa'a guda. An ƙawata ɗakin ne bisa wani labari: wani kamar kurkuku, wani kamar kabarin Fir'auna, wani kamar ofishin ɗan sandan ciki. A cikinsa an ɓoye alamu, ga akwatuna masu kwaɗo, ga rubutu a bayan hoto, ga lambobi a ƙarƙashin tabarma. Kowace alama idan an warware ta takan kai ga ta gaba, har a sami mabuɗin ƙofa. Akwai mai lura da wasan daga waje, wanda yakan ɗan haska wa 'yan wasa hanya idan sun cije.

Asalin abin daga wasannin kwamfuta ne. Wani mutumin Japan mai suna Takao Kato shi ne ya fitar da shi daga cikin na'ura ya mai da shi ɗaki na zahiri a birnin Kyoto a shekarar 2007. A 2011 Attila Gyurkovics ya buɗe nasa, mai suna ParaPark, a Budapest ta ƙasar Hangari, inda tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke da yawa kuma haya take da sauƙi, daga nan ya bazu cikin Turai. Sai dai wasan ya taɓa jawo baƙin ciki, domin a ranar 4 ga Janairu 2019 gobara ta tashi a wani irin wannan gida a garin Koszalin na ƙasar Polan, 'yan mata biyar masu shekara 15 suka rasu a ciki. Tun daga lokacin hukumomi a ƙasashe da yawa suka tsananta cewa dole a bar wa 'yan wasa hanyar fita a kowane lokaci.

Mu dai ba daga littafi muka fara jin labarin ba. Ɗan wani amininmu, malamin makaranta mai ritaya da ke zaune a Rikkos, ya dawo daga karatu a Hangari, yana ba mu labarin yadda ya shiga irin wannan ɗaki da abokan karatunsa. Mahaifinsa ya saurara har ya gama, sa'an nan ya ce ai wannan kacici-kacici ne aka yi masa bango da rufi, kuma Jos tana da wurin da ya fi kowane ɗakin Budapest dacewa da shi, watau Gidan Tarihi. Ya ce a ba shi mako biyu.

Mu Bakwai Da Akwati Ɗaya

Ranar wata Asabar da hantsi muka hallara a zauren Malam. Ban da shi da ɗansa, waɗanda su ne masu shirya wasan, mu biyar ne 'yan wasa. Akwai wani Alhaji dillalin shanu wanda kakansa ya zo daga Kano, akwai wani magini da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, akwai tsohon ma'aikacin reluwe, sai ni. Na biyar ɗinmu dattijo ne Birom daga wajen Bukuru, wanda ya yi akawu a kamfanin kuza har zuwa lokacin da kasuwarta ta karye a 1985. Mukan kira shi Da, kamar yadda Birom suke girmama dattijo. Shi da Malam aji ɗaya suka yi a firamare, amma rabonsa da taka Rikkos tun 2010, sai dai su gaisa ta waya ko su haɗu a banki. Da ya sauko daga keke mai ƙafa uku a bakin layi, Malam ya tarye shi ya riƙe hannunsa har cikin zaure, ba wanda ya ce uffan game da tsawon shekarun, sai tambayar iyali da jikoki.

Tun da yake ba shi yiwuwa a kulle dattawa a cikin ɗakin hukuma, sai Malam ya juya al'amarin: maimakon a kulle mu, abincinmu ya kulle. Ya fito da akwatin ƙarfe, ya buɗe muka ga kula cike da gwaten acha, ga masa, ga balangu a naɗe cikin takarda, sa'an nan ya rufe ya ɗana kwaɗo irin mai lambobi huɗu. Ya ce akwai takardu huɗu a aljihun ɗansa, kowace tana ɗauke da kacici-kacici wanda amsarsa wani abu ne da ke cikin Gidan Tarihi, kuma kowace amsa tana ba da lamba ɗaya. Ba za a ba mu takarda ta gaba ba sai mun tsaya a gaban abin da ta baya take nufi. An hana duba waya. Saboda faɗin wurin da kuma gwiwoyin tsofaffi, ya ƙara mana rabin sa'a a kan sa'a gudan da Turawa suke bayarwa.

Alhaji ya ce, “To, Malam, idan muka kasa fa?”

Malam ya ce, “Sai ku ba ni gari, kamar yadda muka saba tun muna yara. Idan lokaci ya ƙare kuwa, ni da yaron nan mu ci, ku yi kallo.”

Daga Rikkos muka bi ta Titin Bauchi muka faɗa Taminus, muka wuce kangon babbar kasuwar Jos wadda gobara ta cinye a watan Fabrairu na 2002, muka hau Titin Ahmadu Bello, ba da jimawa ba sai ga mu a ƙofar Gidan Tarihi. An buɗe wannan gida ne a 1952 bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Bernard Fagg, kuma in ban da na Esie da ke Jihar Kwara, wanda aka buɗe a 1945, babu gidan tarihin da ya girme shi a Nijeriya. Muka biya kuɗin shiga, muka shaida wa jagoran abin da ke tafe da mu, ya yi dariya ya yi alkawarin ba zai sa mana baki ba. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai yaron ya miƙa mana takarda ta farko.

Takarda Ta Farko

Ga abin da aka rubuta: “Daga ramin kuza na fito amma ni ba kuza ba ne. Idona rami, hancina rami, kitsona bai warware ba tun kafin a haifi kakan kakanku. Wace shekara aka fara tono ɗan'uwana? Ku ɗauki lambar ƙarshe.”

Wannan ba ta ba mu wuya ba wajen gane abin, don kowa ya san kawunan yumɓu na Nok su ne alfaharin gidan. Muka shiga babban ɗakin nuni muka tsaya a gabansu. Idanunsu masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsu, haka kuma hanci da baki da kunne. Magini ya duba da kyau ya ce wanda ya yi wannan ya san wuta, domin hujin nan shi ne yake ba tururi hanyar fita kada yumɓu ya fashe wajen gashi. Masana sun tabbatar da cewa waɗannan kawuna sun haura shekara 2,000, masu yin su kuma suna cikin mutanen farko da suka narkar da ƙarfe a wannan yanki na Afirka, kamar yadda matoyan da Fagg ya tono a Taruga suka nuna. Tun daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi shekaru suna zurfafa binciken tare da takwarorinsu na Nijeriya.

Shekarar ce ta kawo gardama. Ma'aikacin reluwe ya ce 1943 ne. Da ya girgiza kai, ya ce a 1943 ne dai aka kawo wa Fagg wani kai daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, amma tun 1928 aka fara tono wani ɗan ƙaramin kai mai kama da na biri a filin kuza na Kanar Dent Young kusa da ƙauyen Nok. Ya ce wannan labari duk wanda ya yi aiki a ofishin kuza ya san shi, don ma'aikata sun sha cin karo da irin waɗannan kawuna a cikin tsakuwar da suke wankewa. Yaron ya yi murmushi ya miƙo takarda ta biyu. Muka rubuta 8.

Takarda Ta Biyu

“An raɗa mini sunan garin da ban taɓa zuwa ba. Ina cin gawayi ina shan ruwa, na sauke wa dubban mutane kaya daga ka. Wace shekara na iso nan? Lambar ƙarshe.”

Nan muka yi cirko-cirko. Alhaji ya ce ko raƙumi ake nufi, aka tuna masa raƙumi ba ya cin gawayi. Muka wuce ɗakin tukwane, inda aka tara tuluna da randuna daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan, waɗanda wata Baturiya mai suna Sylvia Leith-Ross ta yi ɗawainiyar tattarawa, ba mu ga abin da ya dace ba. Sai can ma'aikacin reluwe ya buga cinya ya ce, “Kai, jama'a, ku biyo ni!” Ya ja mu waje zuwa inda aka ajiye tsofaffin kawunan jirgin ƙasa.

Ƙaramin jirgin nan ne da Turawa suka raɗa wa sunan Bauchi, alhali kuwa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Dalili shi ne, a lokacin da aka shimfiɗa hanyarsa tudun Jos yana cikin Lardin Bauchi, ba a yanke Lardin Filato ba sai a 1926. Daga Zariya ya taso, ya iso Jos da Bukuru a 1914, tafiyar mil 143, faɗin hanyarsa kuwa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Kafin zuwansa, a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai. Da babbar hanyar jirgi ta iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai aikinsa ya ragu, aka rufe shi a 1957. Garin Bauchi kuwa bai ga jirgi ba sai da aka ja hanyar Maiduguri a farkon shekarun 1960. Abokinmu ya shafa ƙarfen kamar mai shafa doki, ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa cewa a wajen hawan tudu mai tafiya a ƙasa yana iya jerawa da shi su yi taɗi. Muka rubuta 4. Minti talatin da biyar sun tafi.

Takarda Ta Uku

“Baka ne amma ba ya harbi, na gizo ne amma ba ya saƙa, ba hadari ya kawo shi ba. Ƙashinsa icce, namansa ƙasa. Ƙafa nawa ƙashin yake iya tsallakewa shi kaɗai?”

Wannan ta kai mu sashen da ya fi ko'ina ƙayatarwa, watau Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya na Nijeriya, wanda ake taƙaita sunansa da MOTNA. Wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Farfesa Zbigniew Dmochowski, shi ne ya yi shekaru yana zaga ƙasar nan yana auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa yana zana su, sa'an nan a shekarun 1970 aka shiga gina kwatankwacinsu a wannan fili da girmansu na ainihi, magina na gargajiya suna aiki da hannu. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku kuma ya fito a 1990. A wuri guda mutum zai ga ganuwar Kano, da sashen fadar Katsina, da masallacin Ilori, da ɗakin Mbari na Ibo, da kuma Masallacin Jumma'a na Zariya. Lalle Malam ya yi gaskiya, kowane ɗaya ɗaki ne mai labarinsa.

Tun kafin mu isa magini ya riga ya warware rabin farko, ya ce bakan gizo ne, ba na sama ba, na gini. Masallacin Zariya muka nufa, domin nan ne gwanintar bakan gizo ta kai matuƙa. An gina na asalin ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi. Magini ya tsaya ya ɗaga kai, ya shiga yi mana karatu. Ya ce da tubali ake ta da bango, watau curin ƙasa mai siffar ƙwai wanda aka shanya a rana. Ƙashin rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cinta. Amma azara tana da iyaka, idan tazarar da za ta tsallake ta wuce kamar ƙafa shida sai ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin da zai ɗauki sahun masallata? Dabarar ita ce a kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi tana ɗan leƙowa, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga wannan gefe haka daga wancan, har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai su raba rufin gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba, a kansu kuma tulluwa take zama. Daga waje a shafe da laso da makuba saboda ruwa, a sa indararo, a kafa zankwaye a kusurwa.

Da ya ce, “Ashe dai, Malam, azara ɗaya ba ta rufe ɗaki.” Malam bai amsa ba, ya dubi agogo kawai. Muka rubuta 6.

Ya kamata mai karatu ya san darajar wannan kwatankwaci da ke Jos. A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin Zariya da sabon ginin siminti, har siffarsa ta waje ta ɓace wa ido. Daɗin daɗawa, ranar Jumma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na tsohon ginin ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Saboda haka ma'aunin da Dmochowski ya ɗauka da ginin da aka yi a Jos suna cikin 'yan shaidun da suka rage na aikin Babban Gwani. Ga shi kuwa ginin ƙasa ba ya son ruwa, Jos kuma tana samun kimanin milimita 1,400 na ruwan sama a shekara, fiye da Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Mun ga inda damina ta zaizaye bango, mun ga inda ciyawa ta tsiro a kan rufi. Magini ya ce ginin ƙasa kamar jariri yake, kowace shekara sai an yi masa yaɓe, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne masu iya ɗaurin bakan gizo suna ƙarewa, yaransa duka bulo da siminti suka sani.

Takarda Ta Huɗu

Saura minti ashirin yaron ya ba mu ta ƙarshe: “Riga ce aka yi wa gari, ba zare ba allura, wuyanta ya fi goma. Sarki na nawa ne ya yanka ta?”

Rigar gari dai ganuwa ce, wuyanta kuma ƙofofi, wannan ba gardama. Muka ƙarasa gindin ganuwar Kano muna haki. Tsayuwa a ƙarƙashinta yana sa mutum ya gane abin da ya sa mahara suke karaya, don gindinta kauri gare shi ƙwarai, tana sirancewa zuwa sama, ƙofar kuma an shigar da ita ciki yadda duk wanda ya tunkaro ta zai kasance a tsakanin masu kibiya ta dama da hagu. Amma wane sarki ne? Uku daga cikinmu suka ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Alhaji ya ce a'a, Rumfa faɗaɗa ta ya yi, kuma shi ne sarki na ashirin, kwaɗon Malam kuwa gurbin lamba ɗaya ya rage masa. Ya ce sunan yana bakinsa amma ya ƙi fitowa.

Minti goma suka wuce muna juya sunaye. Da yunwa ta fara magana sai Alhaji ya ce, “Malam, mun ba ka gari. Mun ba ka Kano.”

Malam ya ce, “Alhaji, yaya za ka ba ni abin da nake tsaye a gindinsa? Sake dai.”

Da ya ce, “To, mun ba ka Bukuru, da ramukanta duka.”

Malam ya ce ya karɓa, zai je ya ci gwate a can. Sa'an nan ya ba mu haske da kalma ɗaya, ya ce, “Jika ne.” Nan take Alhaji ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa: Bagauda, ɗansa Warisi, jikansa Gijimasu! Shi ne sarki na uku, wanda tarihin Kano ya ce ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muka rubuta 3.

Aka sauke akwati a inuwar wata bishiya. Da shi ne babbanmu, shi aka ba ya juya lambobin: 8, 4, 6, 3. Kwaɗo ya buɗe saura minti huɗu lokaci ya cika. Mutum ya ga dattawa masu furfura suna tafi suna shewa kamar 'yan firamare, har waɗansu ɗalibai da suka zo yawon buɗe ido suka tsaya suna kallonmu.

Abin Da Ya Fito Daga Akwatin

Muna cin abinci yaron ya gaya mana cewa masu shirya irin wannan wasa a Turai da gangan suke tsara shi yadda kai ɗaya ba zai isa ba, sai an sami mai lissafi da mai lura da mai haƙurin bincike. Mahaifinsa bai taɓa zuwa Turai ba, amma haka ya tsara nasa. Ba don akawun kuza ba da mun rubuta 3 a maimakon 8. Ba don ma'aikacin reluwe ba da muna can cikin tukwane. Azara sai magini, sarakunan Kano sai jikan Bakano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Tarihin Jos kansa haka yake a rarrabe cikin kawunan mutanenta, wani sashe yana Bukuru, wani yana Rikkos, wani yana Tudun Wada, wani yana Gangare, kuma muddin kowa yana zaune a unguwarsa yana tsoron tsallaka titi, to, ba wanda zai san labarin garin gaba ɗaya. Yaran da aka haifa bayan 2001 sun girma, da yawansu sun yi aure, alhali waɗansunsu ba su taɓa zama aji ɗaya da ɗan wani addini ba. Wannan asara ce da ba ta bayyana a lissafin gidajen da aka ƙone, amma tana nan.

Saboda haka ina da shawara guda uku. Ta farko ga shugabannin makarantu na Jos, na Islamiyya da na mishan da na gwamnati: wannan wasa ba ya cin kuɗi, akwati ne da kwaɗo da takarda huɗu. A haɗa yara daga makarantu biyu na unguwanni dabam-dabam, a gauraya su ƙungiya-ƙungiya, a sake su cikin Gidan Tarihi. Akwai abin da zai isa kacici-kacici ɗari a wurin, tun daga tsofaffin littattafan Larabci da na ajami da ke ajiye har zuwa kayan aikin kuza. Ta biyu ga matasa masu neman sana'a: wanda ya buɗe ɗakin kulle na sosai a Jos, ya gina shi a kan labarin ramin kuza ko na fataken dā, zai sami masu zuwa, amma ya tuna da abin da ya faru a Koszalin, kada ya rufe ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki. Ta uku ga sarakunanmu da masu hannu da shuni na Kano da Katsina da Zazzau: gine-ginen nan na Jos hoton gidajenku ne, taimakawa wajen yaɓensu kowace shekara da ɗaukar nauyin yara su koyi aikin a hannun tsofaffin magina ba zai gagare ku ba.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacin rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyin cikin filin suke a bushe. Ya riƙo rigar sanyi da takalmin da zai jure tafiya, ya ware yini guda, domin gidan namun daji yana nan maƙwabtaka idan da yara. Kada kuma ya tafi shi kaɗai. Ya nemi abokin da suka daɗe ba su haɗu ba, musamman wanda yake zaune a wancan gefen gari, ya ce masa ya zo su je. Allah Ya zaunar da Jihar Filato da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.